Wa Ke Da Wannan Icen? Littafin Aikin Dashenmu A Ƙasar Gumel

21 ga Afrilu, 2024

Ƙungiyar matasan garinmu, can arewacin ƙasar Gumel a jihar Jigawa, ta tsayar da shawarar yin dashen itatuwa bana a wuri huɗu: bakin hanyar da ta shigo gari daga gabas, harabar makarantar firamare, gefen maƙabarta, sai kuma ƙofar gidan duk wanda ya ce yana so. Ni aka damƙa wa littafi, saboda haka zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, da daɗi ko ba daɗi.

Zafin azumin da muka fito ne ya ta da maganar. A farkon watan nan rediyo ya ce zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Namu bai kai haka ba, amma da azahar in ka leƙa tsakiyar gari, mutane da awaki da kaji duk a gindin darbejiyoyin ƙofar masallaci za ka same su a cunkushe. Dattawa suka shiga lissafin itatuwan da suka tarar suna yara: marke, ƙirya, kanya, ɗinya, ɗorawa. Tun farin 1973 da na 1984 suka fara tafiya, gatari ya ƙarasa saura.

Sharuɗɗa biyu muka gindaya. Na farko, ba za a sa ice a ƙasa ba sai an rubuta sunan mai shi, mutum guda, ba ƙungiya ba, ba jama'ar gari ba. Na biyu, ranar dashe ba ranar ƙidaya ba ce. Ƙidaya sai ƙarshen Mayun baɗi, bayan rani ya gama da wanda zai gama da shi.

12 ga Mayu, 2024

Mun kafa wurin reno a bayan gidan Mai Unguwa, kusa da rijiya, aka yi masa rumfa da karan dawa. Ba mu sayi leda ba. Yara suka tsinto ledojin fiya wata a tasha da kasuwa, muka yanke bakinsu, muka huda gindi, muka cika da rairayi da ƙasar gona da takin shanu wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Irin gawo da na kuka ɓawonsu tauri gare shi, in ka shuka haka nan sai ka gaji da jira. Na gawo mun zuba masa ruwan zafi muka bar shi ya kwana, wasu kuma muka ɗan kankare gefensu da abin yanke farce. Wani dattijo da ke kallonmu ya yi dariya ya ce, "Yara, ku je garken awaki mana. Akuya ta riga ta yi muku wannan aikin." Haka ne kuwa, irin da ya bi ta cikin akuya ya fito cikin kashinta tsirowa yake yi ba gardama. Darbejiya ba mu damu da irinta ba, ba ya jure ajiya. Da ruwa ya sauka za mu ciro 'ya'yan da suka tsiro a gindin iyayensu.

An ɗan yi ja-in-ja kan abin da za a dasa. Samari mangwaro ɗan aure suke so, da turare saboda saurin tashi. Malamin daji da muka gayyato ya ce turare kusa da gona shan ruwa gare shi, mangwaro kuma in ba ka da ruwan ba shi a shekarun farko, kada ma ka fara. Mata ba su zo taron ba, amma sun aiko gwaggona da saƙo: zogale, kuka, tsamiya. Ta ce, "Ku kuna maganar inuwa, mu miya muke nema." Aka ƙara ledoji saboda su.

27 ga Yuli, 2024

Yau aka yi gayyar dashe, ƙasa ta jiƙu sosai. Ramukan tun makon jiya aka haƙa, zurfin gwiwa, aka barbaɗa toka saboda gara. A bakin hanya, inda fako ne, mun yi wa kowane rami kunya mai siffar rabin wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don ya tare ya tsuma. Gawon sai da muka yi hattara, saiwarsa ta tsakiya gudu take yi ƙasa, wasu har sun huda leda.

Mun dasa 300 da 'yan kai. Da mun so, da sun fi haka nesa. Wani yaron ɗan siyasa ya aiko cewa zai kawo mana dubu guda, da riguna da huluna, muddin za a jira shi ya zo da masu ɗaukar hoto. Muka yi godiya muka ce sunayen da ke littafinmu ba su kai dubu ba. Wasu cikinmu sun ji haushin rigunan.

Ba raini ba ne. Mun ga yadda abin yake ƙarewa. Tun muna firamare ake bikin dashe kowace damina, manya su zo su riƙe butar ban ruwa, a tafa, a watse. A Satumbar 2019 Shugaba Buhari ya yi alkawarin itatuwa miliyan 25 a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarar ce Habasha ta ce ta dasa fiye da miliyan 350 cikin awa 12. Turkiyya ta dasa miliyan 11 ranar 11 ga Nuwamba, ba a yi wata uku ba ƙungiyar ma'aikatan gona da daji ta ƙasar ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta duba sun bushe, gwamnati ta musanta. Adadin ranar dashe kowa na iya faɗa. Na shekara guda bayan nan ne ba ka cika ji ba.

18 ga Agusta, 2024

Ƙanena ya zo hutu daga jami'a a Kano. Yana cikin masu fafutukar kare muhalli a can, don haka na zaci zai fi kowa murna. Ya zagaya ya duba, da dare muna zaune a ƙofar gida sai ya ce, "Yaya, sannunku da ƙoƙari, amma ɓarnar wasu kuke ta wahalar gyarawa, su kuma ko a jikinsu."

Ya zo da hujjojinsa a baki. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon mai ɗumama yanayi da duniya ke fitarwa. Ɗan Najeriya bai kai tan 1 a shekara ba, ɗan Nijar ko kwatan tan bai kai ba, Ba'amurke kuwa wajen tan 14. Ya ce wannan koyarwar ta kowa ya zauna ya lissafa hayaƙin da shi kaɗai yake fitarwa, kamfanin mai na BP ne ya zuba kuɗi a talla ya yayata ta a tsakiyar shekarun 2000, don hankali ya bar kan rijiyar mai ya koma kan mai babur. Ya ce a nan gida ma, tun 1984 doka ta hana ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Delta, har gobe wutar tana ci. "Ku kuma an ce ku dasa zogale ku ceci duniya. Wanda ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski, Yaya."

Gaskiya yake faɗa, ban ja da ko ɗaya ba. Ko duka itatuwanmu sun rayu sun girma, kabon ɗin da za su zuƙe bai taka kara ya karya ba. Abin da na ce masa shi ne, a duk zaman da muka yi tun Afrilu ba wanda ya ambaci kabon. Inuwa aka ambata, da iskar gabas mai binne shuka da rairayi, da abincin dabba a rani, da miya. Ba mu dasa don mu biya wa kowa bashi ba, kuma duk wanda ya zo ya ce dashenmu ya rage masa nasa, ƙarya yake yi. Sai dai iskar nan ba za ta dakata ba har sai an gama shari'a da masu laifi.

Tsorona da maganarsa guda ne. A bakinsa hujja ce, amma in ta shigo gari ta faɗa bakin malalaci, za ta koma "ai ba laifinmu ba ne", a miƙe ƙafa. Shi kuma tsoronsa da aikinmu, kada mu zama abin nuni, a riƙa kawo baƙi suna ganin talakawa na dashe, a ce ai ana kan aiki. Wannan tsoron ma yana kan hanya.

Washegari bayan asuba na kai maganar gaban Liman. Ya kawo hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Musulmin da ya dasa ice ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce a gare shi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai wannan kowa ya haddace." Ya ce, "Sun haddace rabi. An ce har a ci daga ciki. Icen da ya mutu a watan Maris wa ya ci? Ladan yana gaba, wajen ban ruwa." Na roƙe shi ya faɗi haka a huɗuba, amma ya bari sai rani.

14 ga Satumba, 2024

Ruwa ya yi yawa bana. Kwarin da ke kudu da maƙabarta ya cika ya kwanta, tsamiyoyin da muka sa a wurin sun ruɓe. Katangu da dama sun faɗi a gari. Ranar 10 ga wata madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Na ji wani a rediyo yana cewa maganin ambaliya shi ne kowa ya dasa ice. Raina ya ɓaci. Ba icen da zai riƙe madatsar da ta tsage. Wannan aikin hukuma ne, kuma a wuyanta ya kamata a bar shi.

2 ga Nuwamba, 2024

An kawar da amfanin gona, an saki dabbobi. Yanzu aka fara aikin.

Zogalen makaranta shi awaki suka fara yi wa aski, kwana biyu suka mayar da shi tsinke. Shingen ƙaya da muka yi tun damina ya zube. Sabunta shi kuma yana nufin a je a sassare magarya da bagaruwa, wato a kashe babba don a tsare ƙarami. Sai kowa ya shiga dabara. Wani ya jera tsofaffin tayoyi, wani ya kife kwandon da gindinsa ya cire, mai hali ya zagaye da bulo. Wanda ya fi aiki shi ne tsohon gidan sauro a ɗaure jikin sanduna huɗu: iska na shiga, rana na shiga, akuya ta zagaya ta haƙura.

An kai ƙara gaban Mai Unguwa, mai ice da mai akuya. Mai akuya ya ce, "Ranka ya daɗe, tun kakanninmu in an yi kaka sakin dabba ake yi. Yaushe aka canza?" Mai Unguwa ya ce ba a canza ba. Da rana tsaron ice na mai ice ne, da dare ɗaurin akuya na mai akuya ne. Ba wanda ya fita yana murna, amma hukuncin ya zauna.

30 ga Nuwamba, 2024

An tashi taron sauyin yanayi na Baku a Azabaijan. Ƙasashe masu tasowa sun nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka tsaya a biliyan 300, shi ma sai nan da 2035. Wakiliyar Najeriya ta ce abin wasa ne. Ƙanena ya bugo waya yana huci, ya tuna min cewa a 2009 a Kofanhegan an yi alkawarin biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba a cika ba sai 2022, kuma mafi yawansa bashi ne.

Na ce ya ci gaba da ihu, da irinsu ake samun ɗan abin da ake samu. Ba don masu baki ba, da asusun biyan diyyar asara da aka amince da shi a Masar a 2022 bai samu ba. Amma na ce ya rage wani ihun saboda gida. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin ganuwar itatuwa mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce kusan kashi 4 cikin 100 na burin aka cimma. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 na ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Haƙƙinmu ne mu tambaya, ba nawa aka dasa ba, nawa ke tsaye.

18 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya Alhamis na haɗu da kawuna a kasuwar Maigatari, ya kawo raguna daga ƙauyensu na wajen Magarya a jihar Damagaram. Da na ba shi labarin ledoji da gidan sauro sai ya ce in bi shi in ga gonarsa.

Na sha bin hanyar nan, amma ban taɓa kallonta da idon mai dashe ba. Tsakiyar rani, ƙasa fari fat, gonakin kuwa cike da gawo kore shar. Haka halin gawo yake: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani ya yi ganye ya zubo 'ya'ya dabbobi su ci. Tumaki na kwance a gindinsa suna ƙara wa wurin taki. Kawu ya ce a tsawon zangarniya kaɗai za ka gane geron gindin gawo.

Na tambaye shi ina suka sami irin dashe mai yawa haka. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka dasawa muka yi?" Ya ja ni wurin wani kututturen kalgo da ya yi toho cunkus. Ya tsuguna ya zaɓi rassa uku da suka fi miƙewa, ya sare sauran da lauje mai kaifi, yana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Ukun nan ya share musu ƙananan rassa zuwa rabin tsayinsu, ya ɗaura tsumma a jikin ɗaya don a san da mai shi. Bai fi minti biyar ba. Ya tattara abin da ya sare ya ce na girkin dare ne. Sassabin zamani ke nan. Saiwar ta shekara da shekaru a ƙasa, ta riga ta kai ga laima, ba ta neman jarka ko ɗaya. Mu kowace bazara sai mu sare tohon ƙasa-ƙasa mu cinna masa wuta, mu ce mun gyara gona.

Dabarar tsohuwa ce, amma wanda ya farfaɗo da ita wani malamin gona ne ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, a yankin Maraɗi a 1983, bayan ya ga yawancin abin da yake dasawa mutuwa yake yi. Yunwar 1984 ta sa mutane suka karɓa, da farko don abincin da ake bayarwa a madadin aiki. Daga baya maƙwabci ya riƙa gani wurin maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Ba biki, ba riguna.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne batun mallaka. Kawu ya ce a da, icen da ke gonarka na gwamnati ne, in ka sari reshe ma'aikacin daji ya ci ka tara. To wa zai bar abin da zai jawo masa tara ya girma? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata icen nasa ne, sannan ya fara tsaronsa. A 2020 ma gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta tabbatar wa manomi icen da ya rena. A garinsu akwai kwamitin sa ido, har da makiyaya a ciki, wanda aka kama yana saran icen wani a gaban Maigari zai yi bayani.

15 ga Maris, 2025

Azumi, zafi, ruwa ya yi ƙasa a rijiya. Liman ya yi huɗubar da na roƙa. Masu ban ruwa bayan asuba suke fita, ko dab da magariba.

Dabarar da ta fi taimaka mana ita ce tulu. A binne tulun ƙasa marar fenti kusa da saiwa, wuyansa kaɗai a waje, a cika a rufe da sakaina. Ruwan yana tsattsafowa a hankali, cikawa ɗaya na kai kwanaki. Wanda ba shi da tulu ya huda gorar roba da allura ya binne. A masallaci an gyara magudanar alwala ta bi ta gindin darbejiyoyi biyar, su ne suka fi kowane kyau a gari. A cikin gidaje ruwan wanke-wanke ne, in ba omo a ciki.

Gara ta ci mana da yawa a bakin hanya, musamman inda aka lulluɓe gindi da kara har ya taɓa jikin icen. A bar tazarar tafin hannu.

Bambanci ya fara fitowa. Na ƙofar gida, wanda mai shi ke gani in ya fito, suna nan. Na bakin hanya suna da suna a littafi, amma mai sunan sai ya yi tafiya da jarka a ka, yana azumi. Wasu sun daina zuwa, ban kuma ga fuskar zarginsu ba.

20 ga Afrilu, 2025

Lokacin sassabe ya yi, mun bi manoma gona-gona da maganar barin toho. Ba wanda ya ce dabarar ƙarya ce, uzurai ne dai, kuma ba na banza ba. Wani ya ce garmar shanu za ta riƙa sarƙewa. Wani ya ce itatuwa tsuntsaye suke tarawa su cinye gero. Mai gonar aro ya ce in ya rena ice, mai gona zai zaci ƙwace yake shiryawa, ya karɓe abarsa. Wannan ta ƙarshe sai da muka je wurin masu gonakin da kanmu, biyu suka yarda a gaban Mai Unguwa cewa ice na mai gona ne, rassan da aka share na mai noma. Manoma goma sha wani abu sun amsa za su gwada, kowa a gefe guda na gonarsa. Sabara da kalgo ne suka fi yawa, sai aduwa da ɗan gawo nan da can.

A makon nan kuma samari suka kama wata tsohuwa ta sare reshen darbejiya a gefen maƙabarta, suka zo da zafi wai a kai ta gaban Mai Unguwa. Na hana. Na ce, "Iya, me ya faru?" Ta ce jikokinta ba su ci ba tun safe, kara ya ƙare. Wannan ba ita ce ke cinye daji ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya gagari mutanen birni da yawa suka koma gawayi, buhuna kuma mota-mota suke wucewa. Ƙirya da marke can suke tafiya. A bar mai mota a kama mai reshe ɗaya, wannan ba kishin muhalli ba ne. Gwaggona ta ce akwai matan da suka iya gina murhun laka mai tsimin itace, za ta nemo ɗaya ta koya wa na unguwarmu.

31 ga Mayu, 2025

Ranar ƙidaya. Mun fita mu huɗu da littafi, duk icen da muka yi shakka sai mu kankare ɓawonsa da farce, in kore ne a ciki mu rubuta yana da rai.

Na ƙofar gidaje da cikin gidaje, kusan huɗu cikin biyar suna nan, wasu zogalen har an fara tsinka. Na maƙabarta sun ɗan haura rabi, albarkacin wani dattijo mai haƙar kabari da ya ɗauke su kamar shi aka rubuta wa duka. Na makaranta kashi ɗaya cikin uku, yawancinsu a hutun ƙarshen zango suka tafi, lokacin da ba yara ba malamai. Bakin hanya ɗaya cikin huɗu, kusan duka darbejiya da gawo. A dunƙule, rabi ba kaɗan.

Wani ya ce kada a faɗi na bakin hanya a taro, zai kashe wa mutane gwiwa. Na ce don a faɗa aka ƙirga. An karanta duka bayan sallar la'asar, ba a ambaci sunan wanda nasa ya mutu ba.

Tohon gonaki ba mu sa shi a lissafi ba tukuna, amma na leƙa uku a hanyar dawowa. Ba wanda aka ba ruwa ko sau ɗaya, kuma wani kalgon ya kai min ƙugu.

13 ga Yuli, 2025

Bana rabin na bara za mu dasa. Yawanci cike gurbi ne a maƙabarta, sai gidajen da suka ga na maƙwabta suka zo da kansu suna nema. Bakin hanya mun bar ledoji: za mu shuka irin gawo da aduwa kai tsaye cikin rabin watan da ke nan, mu rena duk tohon da ya fito tsakani. Ƙarfinmu zai koma gonaki.

Ƙanena yana gari. Ra'ayinsa bai canza ba, har yanzu cewa yake muna sauƙaƙa wa masu laifi. Ya rubuta takarda da sunan ƙungiya yana neman a nuna wa jama'a adadin itatuwan da suka rayu a duk dashen da aka yi da kuɗin gwamnati a yankinmu, da kuma rijiyar burtsatse kusa da makaranta. Na sa hannu, Mai Unguwa ya ce sai ya shawarci Dagaci.

Abin da ya rage: maginiyar tukwane ta ce tuluna 40 sai bayan damina, yumɓu ba ya bushewa yanzu. Murhun laka an gina a gida shida. Ban ruwan makaranta a lokacin hutu har yanzu ba mai shi, shugaban makaranta ya ce a kawo maganar taron iyayen yara na ƙarshen wata.